Zalɓen Ukasha Mai Zane

Duk wanda ya taɓa sauka a Ƙofa ya san zakin Ukasha, ko da bai san Ukashan ba. Yana nan a bangon injin niƙa, yana bayan motocin ɗaukar tumatir, yana jikin shagon aski, ko'ina da fuska iri ɗaya: ido a waje, baki a buɗe, kamar wanda aka taka wa yatsa. Mutanen gari sun daɗe da lura cewa zakin ya fi kama da kyanwar da ta sha duka, amma tunda babu wanda ya taɓa ganin zaki a cikinsu, sai suka bar wa Ukasha kayansa. Shi ma ɗin bai taɓa gani ba. Wannan bai hana shi ba da labarin yadda suka yi ido huɗu da zaki a dajin Falgore yana saurayi, har zakin ya sunkuyar da kai ya ba shi hanya.

In ka kira shi mai fenti, ka ɓata masa rai ke nan. Shi mai zanen halittun daji ne, kuma a bakinsa ya yi baje koli ba adadi. Wanda ya fi ambato shi ne na bakin tafkin Bagauda, inda ya jingina zane-zanensa a jikin bishiyoyi tun safe har rana ta yi sanyi. Mutum ɗaya ne ya tsayar da mota, shi ma hanyar Tiga ya tambaya. A labarin Ukasha wannan mutumin ya zama wani babban masanin zane daga Kano, kuma kowace shekara muƙaminsa ƙaruwa yake yi. Na Kiru kuwa ranar kasuwa aka yi shi, akuya ta cinye rabin zanen giwa. Ukasha ya ce ai wannan babbar shaida ce, ko dabba ta ɗauka ciyawar da ya zana a ƙarƙashin giwar ta gaske ce.

Abin da ya riƙe shi da iyalinsa duk shekarun nan shi ne shago, wani ɗan ɗaki a ƙofar gidan Alhaji Ja'afar, a bakin titi inda kowane direba yake ganinsa. Alhaji ya ba shi ya zauna ne kyauta tun lokacin da ya zana masa dawisu a ƙyauren gida. Alhaji Ja'afar shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani ta yankin, mutum mai tsanani a kan rabon ruwa. Kowane ɓangare na gonaki yana da ranarsa, kuma duk wanda aka kama ya datse magudana ya karkatar da ruwa ba a ranarsa ba, Alhaji ne da kansa yake yanka masa tara a gaban jama'a, ya haɗa masa da wa'azi.

Wata rana Alhaji ya kira Ukasha soro.

"Ukasha, yaron nan nawa Abdulbasit ya gama karatu, ya dame ni a kan shagon nan. Cajin waya yake so ya buɗe. Na rasa abin da zan ce masa, don ni ma na daɗe ban ga ka zana wani sabon abu ba. Kullum zaki."

"Ranka ya daɗe, ai zane ya zama tsohon yayi a wurina," in ji Ukasha. Ya zaro wata kyamara daga cikin riga, wadda ya ba da kekensa aka ba shi a Kano. "Yanzu hoto nake ɗauka. Zaki, barewa, ɓauna, duk zan kawo su ƙofar gidanka a raye. Ba an ce taron ƙungiya ya kusa ba? Baƙi za su zo daga Bagauda da Kiru, a sake zaɓen shugaba. To a ranar zan yi baje kolin da ba a taɓa yi ba a Kano ta kudu, a ce a ƙofar gidan Alhaji Ja'afar aka yi."

Alhaji ya shafa gemu. Yana son a ce an yi abu a ƙofar gidansa.

"Shi ke nan. In ka fitar da ni kunya a gaban baƙi, shago naka ne har ka gaji. In kuwa ka kunyata ni, ko la'asar ba za ka yi a cikinsa ba."

Da Ukasha ya gaya wa matarsa Zuwaira, sai ta ajiye muciya ta dube shi.

"Baban Ramla, ka iya abin nan kuwa?"

"Ni da na zana giwa da hannu, danna maɓalli ne zai gagare ni?"

"To keken fa?"

"Keke ba ya shiga tarihi."

Washegari ya biya teburin Idi mai shayi, inda ake yanke hukuncin duk abin da ya faru a garin. Kyamara a wuya, hula a karkace. A nan ya tarar da Mamman, wani manomi da gonarsa take can ƙarshen magudana, yana ta ƙorafin da ya saba: ranar Talata ce ranar ruwansu, amma ruwan ba ya isowa, tumatir ɗinsa duk ya yi yaushi, kuma da ya kai kuka wurin Alhaji an ce lalaci ne ya hana shi gyara kunyoyinsa. Ukasha bai bari ya gama ba.

"Ku bar maganar tumatir. Gobe Falgore zan shiga."

"Ka gaishe da zakin naka," in ji Idi. "Ka ce masa ya rufe baki kafin ka ɗauka, ya daɗe a buɗe."

Ukasha ya hau mota zuwa Tudun Wada, ya sake hawa wata mai zuwa Doguwa. Da suka shiga dajin ya buga jikin mota ya ce a sauke shi. Direba ya waiwayo ya ƙare masa kallo.

"Malam, nan ba gari. Wa ka sani a nan?"

"Su suka san ni."

Zaki dai bai zo ba. Abin da ya zo gwaggon biri ne, wani ƙato mai furfura a wuya, da iyalinsa a baya, irin waɗanda suke fitowa bakin titi jiran abin da matafiya za su jefar. Ukasha ya ce to a fara da wannan. Amma shi ya saba da dabbar da take zama yadda ya ajiye ta a kan allo, don haka ya shiga ba biri umarni.

"Ɗan matsa hagu. A'a, rana tana bayanka. Ɗaga kai."

Biri ya yi hamma. Ukasha ya kwance ledar ƙuli-ƙuli ya miƙa guda ɗaya don a daidaita. Biri ya dubi guda ɗayan, ya dubi ledar, ya taho da kansa ya karɓi ledar gaba ɗaya. Da Ukasha ya yi masa tsawa, sai ya buɗe masa haƙora. A nan mai zanen halittun daji ya ga irin haƙorin da bai taɓa zanawa ba, ya ranta a na kare. Hula ta faɗi, wani ƙaramin biri ya ɗauka ya hau bishiya da ita. Wata motar gawayi ce ta tsince shi yana tafe yana waiwaye, ta kawo shi Tudun Wada baƙi wuluk. Da ya duba kyamara, abin da ta ɗauka shi ne sararin sama, da kwalta, da ƙafarsa ta dama a cikin iska.

"Zakin ya yi tafiya," ya gaya wa 'yan teburin shayi. "Na ga sawunsa, ɗanye shar."

"Hular fa?" in ji Idi.

"Kyauta na bayar."

Ya huta kwana biyu ya nufi Dangora, don an ce masa akwai rugar Fulani a bayan gari. Dabararsa ita ce ya sami baƙin bijimi ya ɗauke shi daga ƙasa, ya ce ɓauna ce. Makiyayin, wani dattijo mai sanda a kafaɗa, ya amsa sallamarsa, ya ce masa ya ɗauki kowace saniya yake so, amma ya bar baƙin can, ba ya son baƙo.

"Baffa, ni dabba ba ta yi min gardama."

"To, madalla," in ji dattijo, ya koma inuwa ya zauna don ya ga yadda za a ƙare.

Ukasha ya kwanta rub da ciki a gaban bijimi ya danna. Wutar kyamara ta haska wa bijimi ido. Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Ukasha ya tsinci kansa a kan wata ɗorawa, bai san yadda ya hau ba, bijimi yana ƙasa yana tonon ƙasa da ƙafa. Yana cikin hamdala ya ji wani gunji a saman kansa. Ashe reshen da ya rungume, amyar zuma ce a ɗaure a kai. Sai ya zama zaɓi tsakanin zuma a sama da ƙaho a ƙasa, kuma kafin ya yanke shawara zuma ta yanke masa.

Ya dawo Ƙofa ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum. Zuwaira ta shafa masa man shanu tana ƙoƙarin danne dariya da kuka a lokaci guda, don ita ta san in shagon nan ya tafi, tukunyarta ce za ta ji a jikinta.

"Baban Ramla, ka je ka ba Alhaji haƙuri. Ka zana masa wani dawisun, a wuce wurin."

"Ke ba ki san sirrin sana'a ba. Yau na gano shi. Ƙwararre ba ya matsawa kusa da dabba. Daga nesa ake ɗauka, don kada a dame ta."

Daga ranar ya daina tafiya mai nisa, ya koma kan tsuntsayen bayan gari, su ma daga nesa. In ya hango zabi a saura, sai ya tsaya can inda ko dutse ya jefa ba zai kai ba, ya danna. In ya ga balbela a bakin kududdufi, haka. Ga kuma wata ɗabi'a da ya taso da ita a gaban allo: idan yana zana tsuntsu, tsuntsun kawai yake gani. Bishiyar da ba ta yi masa ba, ba ya sa ta. Mutumin da ya gifta, babu shi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kyamara ba ta da wannan kawaicin ba.

Wata safiya ya bi ta gonakin rani ya ci karo da zalɓe a tsaye a bakin magudana, ƙafa ɗaya a ɗage, ko motsi ba ya yi. Ukasha ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Tunda ya fara wannan aiki, yau ne ya sami halitta mai tarbiyya. Ya laɓe bayan wata kuka ya saita. Can bayan tsuntsun yana jin ƙarar shebur, wani yana ta faman aiki a cikin ruwa, amma ko ɗaga ido bai yi ba.

"Kai mai shebur, Allah ya sa ka kore min tsuntsu ka gani," ya faɗa ƙasa-ƙasa, ya danna.

Ya kai hotunan Kano wurin masu wankewa. Mai shagon ya buɗe su a kwamfuta ya yi ta dubawa.

"Malam, me aka ɗauka a nan?"

"Tsuntsu mana. Ga shi nan."

"Wannan ɗigon? To bari in yanke gefe da gefe in matso da shi."

"Kada ka yanke min ko ƙwayar ƙasa. Wa ya koya maka taɓa aikin ƙwararru? Ka buga su manya. Na zalɓen nan kuwa, ka yi shi kamar ƙyauren ɗaki."

Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya buga. Ukasha ya duba zabinsa, ya duba balbelarsa, ya duba zalɓensa, ya ga kowanne ya fito, ya sa aka naɗe. A gida Zuwaira ta roƙa ya buɗe ta gani, ya ce ido yana rage wa aiki kwarjini, sai ranar taro. Ya ma ƙwace mata zannuwan gado ya ce da su za a lulluɓe.

Ranar taro aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji. Baƙi suka zo daga Bagauda da Kiru, har da wasu daga Tudun Wada, aka jera su a kujerun gaba. Manoma suka cika tabarmi. Alhaji ya fito cikin babbar riga, ya yi jawabi mai tsawo a kan amana, ya ce ruwa haƙƙin kowa ne, kuma muddin yana shugaba, ɓarawon ruwa ba zai sha da daɗi ba. Sannan ya ce kafin a yi zaɓe, akwai ɗan abin kallo da ya shirya wa baƙi.

Ukasha ya fito da aron hula. Hotuna uku a jingine a bangon shago, kowanne a lulluɓe. Ya yi gyaran murya ya ba da tarihin kansa tun daga Bagauda, har sai da wani baƙo ya duba agogo. Sannan ya yaye na farko.

"Wannan sunansa Zabi a Saura."

Jama'a suka miƙa wuya. Zabin dai sai an nuna da yatsa. Amma ga wata bishiyar mangwaro a gefe ta fito tar, ga mutum a ƙarƙashinta ya miƙe ƙafa yana ɓare rake.

"Wannan ba Surajo ba ne?" in ji wani daga tabarma.

"Shi ne. Ga can kuma mu ne a nesa muke yashe magudana. Ranar gayya ce."

"Ranar da ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi?"

Surajo, wani matashin manomi da yake zaune a tsakiyar jama'a, ya ce raken magani ne, an ce yana saukar da zazzaɓi. Dariya ta ɓarke. Idi mai shayi har da riƙe ciki. Ukasha ya ga mutane sun taso suna turereniya a gaban hotonsa, abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, sai ya hura hanci.

"Ku lura da yadda zabon gaba ya ɗaga wuya," yake ta faɗa, ba mai sauraronsa.

Ya yaye na biyu. "Balbela a Bakin Ruwa."

Kududdufin bayan gari ne, inda shanu suke sha su yi abin da suka ga dama a ciki. Balbela tana can gefe kamar ɗigon alli. A tsakiyar hoton kuwa ga mutum a tsugune yana cika jarkoki, ga butar shayi a ajiye kusa da shi, wadda duk garin ba wanda bai san ta ba.

Dariyar Idi ta tsaya cak.

"Idi," in ji Mamman, "ba kai kake rantsuwa da ruwan burtsatse kake dafa mana shayi ba?"

"Na wanke-wanke ne."

"Shi ya sa nake jin shayin nan da ɗan gardi," in ji wani tsoho, ya tofar da yawu.

Wannan karon har baƙin kujerun gaba sai da suka dara. Alhaji Ja'afar ya fi kowa jin daɗi, yana share hawaye da hannun riga. Ya miƙe ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, kun ga amfanin zamani. Mutum yana ƙarya, kyamara ba ta yi. Abin da ta nuna ya tabbata, babu musu. Surajo, tarar gayya ta hau kanka. Ukasha, Allah ya yi maka albarka. Wannan babban, ni zan buɗe shi da hannuna."

Ukasha ya ji kansa ya yi girma har aron hular ta matse shi. Ya hango Abdulbasit a tsaye a gefe ya yi masa wani murmushi na tausayi.

"Bismilla, ranka ya daɗe. Wannan shi ne Zalɓe Sarkin Haƙuri."

Alhaji ya ja zanen gado.

Zalɓen ya fito, ba laifi, ƙafa ɗaya a ɗage. A bayansa kuma, da girman da ya ninka na tsuntsun, ga wani mutum a sunkuye a cikin magudana, wando a naɗe har gwiwa, shebur a hannu. Ya jera buhunan ƙasa ya toshe hanyar da take gangarawa gonakin ƙasa, ruwa yana ta kwarara cikin wata gonar albasa. Ya ɗan juyo da fuska gefe kamar mai duba ko ana ganinsa. Gemun nan, da tabon sallar nan, ko yaron goye ya san mai su.

Mamman ya tashi a hankali ya zo gaban hoton, ya duba, ya juyo ya dubi Alhaji, ya sake duba hoton.

"Alhaji, ashe lalacina ne ya hana ruwa isowa."

"Wannan ai ranar ruwana ce," in ji Alhaji. "Ranar Asabar ce. Na tuna sarai."

Da Ukasha ya yi shiru a nan, da wataƙila an rabu a kan musu. Amma shi a kunnensa, an taɓa ingancin aikinsa ne.

"A'a, ranka ya daɗe, Talata ce. Ai kyamarar tawa ba irin ta kowa ba ce, da kanta take rubuta kwanan wata. Ga shi nan a kusurwa, ja. Duk mai waya ya duba ya gani."

Aka zaro wayoyi. Talata ce.

Hayaniya ta tashi. Masu gonakin ƙasa suka miƙe gaba ɗaya, kowa yana lissafa abin da ya bushe masa. Surajo ya ce shi dai a fara yanka tarar manya kafin a zo kansa. Wani baƙo daga Kiru ya tambayi na kusa da shi ko wannan shi ne mai jawabin amana na ɗazu. Sai a lokacin Ukasha ya ɗauke ido daga kan zalɓe ya dubi abin da kowa yake duba. Ya ga shebur, ya ga gemu, ya ga fuskar Alhaji ta gaske a gefensa tana sauya launi. Ya tuna maganar la'asar.

"Ku dakata, jama'a, kuskure ne na aiki. Yanzu zan gyara."

Ya faɗa shago ya fito da gwangwanin fenti da buroshi. Abin da ya saba yi ke nan duk rayuwarsa: in abu ya ɓaci a kan allo, a mai da shi wani abu. Ya tsaya gaban hoton ya auna da ido.

"Ranka ya daɗe, kada ka damu. A sunkuyen nan da kake, ba wani aiki ba ne. Ga baya ya miƙe, ga ƙafafu. Kunnuwa kawai zan ƙara da wutsiya, kowa ya gani zai ce jaki ne ya zo shan ruwa."

Kafin wani ya riƙe masa hannu ya ja kunne ɗaya, dogo, daga saman hular Alhaji. Ya ja na biyu. Kuma don Allah ya sa ranar ce kashin Ukasha zai bushe, kunnuwan nan sun fi duk abin da ya taɓa zanawa kyau. Fuskar dai tana nan yadda take, da gemunta.

Mutane suka zube a kan tabarmi. Mamman da ya zo da fushi sai ga shi ya dafa bango yana tari. Baƙi suka rufe baki da hannun riga, kafaɗu suna rawa. Masu waya suka ɗaga suna ɗauka. Ukasha ya juyo da buroshi a hannu yana jiran a ce ya kyauta.

Alhaji bai yi ihu ba. Ya tattara babbar rigarsa ya dubi ɗansa.

"Abdulbasit, kafin a kira salla."

Ya shige gida. Zaɓe dai an yi shi ba da shi ba, kuma ba shi aka zaɓa ba.

Kafin ladan ya yi gyaran murya, kayan Ukasha suna bakin titi: gwangwanaye, alluna, giwa mai rabin jiki, zakuna a jere kowanne baki a buɗe. Ba wanda ya taya shi ɗauka. Idi ya juya masa baya, Surajo ya wuce yana tsaki, su kuma masu gonakin ƙasa da ya yi wa rana ba da niyya ba, sun ɗauke hoton sun tafi da shi ba ko na gode. Ya ɗaga kyamara don ya rataya a wuya, wasu mata da suke wucewa suka ja mayafi suka canza hanya.

Yana zaune a kan gwangwani yana tunanin abin da zai gaya wa Zuwaira, sai ga Abdulbasit ya fito da wani farin allo a hannu.

"Malam Ukasha, ka yi haƙuri, ni ba ni da laifi. Amma duk garin nan ba mai rubutun allo sai kai. Ina so a rubuta min Cajin Waya, da manyan baƙaƙe."

Ukasha ya dubi allon, ya dubi ƙofar shagon da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. Ya so ya ce shi ba mai fenti ba ne. Sai ya tuna tukunyar gida, ya miƙa hannu ya karɓa.

"Zan yi maka rubutun da ba a taɓa gani ba a Kano ta kudu," ya ce, amma muryar ba ta fita sosai ba. "In sa maka ɗan tsuntsu a kusurwa? Ƙarami. Kyauta."

"Baba ya ce ko ƙuda ya gani a jiki, har ni zan bar gidan."

Ukasha ya ɗora allon a kan gwiwa, a nan bakin titi, ya tsoma buroshi ya fara da harafin farko.